Takardar da Na Fizge a Kasuwar Goronyo

Na san kun sha jin labarin nan a bakin dangi, musamman 'yan uwanku na Wurno idan an haɗu wajen biki, wai uwarku ta taɓa yin kokawa da wani hedimasta a tsakiyar kasuwar albasa ta Goronyo. Wasu har ƙarawa suke yi wai na kayar da shi. To ban kayar da kowa ba, kuma ba kokawa aka yi ba. Takarda na fizge daga hannunsa, hularsa kuwa ita ta ga damar faɗuwa. Tunda shekaru sun ja, kuma wadda abin ya shafa ta ba ni izini da bakinta, bari in faɗa muku yadda aka yi. A duk aikin da na yi a rayuwata babu ranar da na ji kunya irin wannan, kuma babu abin da nake alfahari da shi kamar abin da ya biyo bayanta.

Shekarar ce jami'a ta buɗe ofishi don ɗaliban da aka ci zarafinsu, waɗanda aka yi wa fyaɗe da waɗanda wasu malamai ke matsa wa lamba a kan maki. Kafin nan ni malama ce a sashen ilimi, ina koyarwata lafiya lau. Da aka nemi mai riƙe ofishin kowa ya noƙe, ni kuwa kun san halina, ba na iya ganin abu in kama bakina, sai na ce a ba ni. Aka ba ni ɗaki ɗaya a bayan asibitin makaranta, da kujeru uku, da wani kundin dokoki mai kauri da aka ce in bi shi sau da ƙafa. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya ce in dai zan iya ɗaukar abin da kunnena zai riƙa ji, shi ba zai hana ni ba. Yayana Malam Buhari, wanda ya gaji zauren mahaifinmu a Wurno, shi ne bai so ba. Da na je gaishe shi ya bari sai da masu ɗaukar karatu suka watse, sannan ya dube ni.

"Aminatu, gidanmu gidan rufin asiri na. Tun kakanni cikin zauren ga a ka sasanta mutane, ba a ji ba a gani. Ke kuma kin tahi kin ɗauko aikin tonon asiri."

"Yaya, asirin wa a ka rufewa? Na yarinya, ko na wanda yac cuce ta?"

Ya ɗauki butarsa ya fita alwala, alhali da sauran lokaci kafin azahar.

Na yi wata biyu a ofishin nan ina zaman jiran tsammani, babu wadda ta leƙo. Sai wata safiya nas ta asibiti ta shigo riƙe da hannun wata yarinya doguwa, ta zaunar da ita ta ja mana ƙofa. Sunanta Rukayya, tana shekarar ƙarshe, 'yar wani manomin albasa ce daga Boyekai ta ƙasar Goronyo, kuma ita ce mace ta farko da ta taɓa shiga jami'a daga garinsu. Malamin da ke duba mata aikin kammala digiri ne ya kira ta ofishinsa ranar da babu kowa a sashen, ya kulle ƙofa. Ba zan faɗa muku sauran ba, ba nawa ba ne. Abin da zan faɗa shi ne yarinyar nan tana da zuciya. A ranar ta kai kanta asibiti, kuma ba ta goge ko ɗaya daga cikin saƙonnin da ya yi ta turo mata a waya ba. Ta ce min tana so a hukunta shi, don ta san ba ita ce ta farko ba. Ni kuwa sai rawar jiki ta kama ni, ga aiki ya zo. Na buɗe kundina, na ga an rubuta cewa kafin kwamitin ladabtarwa ya zauna, dole a sanar da mahaifin ɗaliba a rubuce, kuma dole ya halarta, in ba haka ba magana ta mutu. Na zauna na tsara takarda da Turanci mai kyau, na bayyana komai dalla-dalla, na sa a ambulan, na buga hatimin sirri ja wur a kai, na aika tasha a ba direban Goronyo. Ban tambayi Rukayya ba. Sai bayan kwana biyu na faɗa mata, ina murmushi kamar mai ba da albishir.

"Mama, wa kib ba takardag ga?"

"Babanki mana. Haka doka tac ce."

Ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna.

"Baba bai yi boko ba. Hedimasta ka karanta mai, kuma gaban kowa. Ranad da anka kawo takardas shigata jami'a, ƙofag gidan mai gari anka karanta ta, mata na guɗa. Kin kashe ni, Mama."

A hankali ta faɗe shi, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce in aka karanta takardar nan a bainar jama'a, ba sai an yi shawara ba, gobe za a zo a tafi da ita, saura wata huɗu ta gama. Ƙannenta biyu da ke sakandare a Goronyo su ma za a kwaso su, kuma ba za a sake barin wata 'ya mace ta fita karatu daga Boyekai ba. Na dubi hatimin da ke kan teburina na ji kamar in jefa shi ta taga. Ni da nake tinƙaho da cewa na san mutanenmu, na ɗauka jan tawada zai hana hedimasta buɗe baki.

Muka samu lambar direban. Ya ce ya ajiye takardar wurin wani mai shago a tashar Goronyo, inda mutanen Boyekai ke karɓar saƙo ranar kasuwa, kasuwa kuwa gobe take ci. Wayar gidansu Rukayya a kashe, ko babu caji ko babu sabis. Da sassafe muka kama hanya a motata, kuma a hanya na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na tambaye ta abin da take so.

"In dole sai an hwaɗa ma wani, Goggo Tumba ta, yayab Baba. Ita tar rene ni. Kuma ni za ni hwaɗi da bakina."

Mun shiga Goronyo hantsi ya ɗaga, kasuwa ta cika ta batse. Na bar Rukayya a mota na nufi shagon, mai shago ya ce ai Malam Garba, baban Rukayya, ya karɓi takardarsa tun ɗazu, in duba wajen 'yan albasa. Lokacin kakar albasa ne, buhuna jibge har sun fi tsawon mutum, 'yan dako na ta cewa a ba su hanya, wari kuwa har cikin ido. Ina tambaya ana nuna min gaba, har na hango wani taro a gindin rumfa. Wani dattijo mai tabarau, hedimastan kenan, yana tsaye a tsakiya, ya riga ya yage bakin ambulan, yana gyara murya. Mutane sun kewaye shi suna murmushi, don a saninsu takardar jami'a alheri kawai take kawowa. Ina da shekara hamsin da 'yan kai a lokacin, kuma kun san jikina ba na tsalle ba ne, amma wallahi buhu biyu na tsallake. Ban yi sallama ba, ban ce gafara ba, na kai hannu na fizge takardar. Ya ja da baya, hula ta faɗi cikin albasa.

"Hajiya, lahiya? Mi na na haka?"

"Malam, ka gafarce ni. Daga jami'a ni ke. Kuskure anka yi, takardag ga ba ta karantawa ba ta."

Wani mutum siriri mai farin gemu kaɗan, da ke tsugune gefen buhuna, ya tashi ya ɗauko hular ya kakkaɓe ta ya miƙa wa hedimasta. Shi ne Malam Garba.

"Da sunana bisa, Hajiya."

Na matsa kusa na rage murya, na ce magana ce a kan Rukayya, ina so mu keɓe. Ina ambatar sunan sai ya sunkuyar da kai, ya juya yana gyara bakin buhun da ba ya bukatar gyara.

"Sha'anin waccan ba nawa na ba. Ki tahi ga yayata Tumba."

Na koma mota raina a ɓace, ina cewa wane irin uba ne wannan, a zo masa da maganar 'yarsa tun daga birni ko ya tambayi lafiyarta. Da na faɗa wa Rukayya, duk da halin da take ciki sai da ta kusa dariya.

"Mama, ni ta ta fari. Tun da anka haihe ni bai taɓa hwaɗin sunana ba. Ko hira ba mu yi."

Nan kunya ta biyu ta rufe ni. Ni da na tashi a gidan da mahaifinmu har ya koma ga Allah bai taɓa cewa Buhari ba, sai dai "wancan," don kunyar ɗan fari. In Yaya ya yi rashin lafiya, Baba ba ya shiga ɗakin, sai dai ya yi ta kai da komo a ƙofar gida yana tambayar ko an ba akuya ruwa. Shekara talatin na aikin boko sun mantar da ni abin da kowace tsohuwa a ƙasar nan ta sani, cewa maganar 'yar fari ba a kai wa ubanta kai tsaye. Wanda ya rubuta kundin nan bai sani ba, ni kuwa na sani na manta, laifina ya fi nasa.

A Boyekai muka tarar da Goggo Tumba a tsakar gida tana tsintar wake, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Kallo ɗaya ta yi wa Rukayya ta ajiye faifai, ta ja ta ɗaki. Ni na zauna a kan tabarma na ɗauki faifan na ci gaba da tsintar, don hannuna na bukatar abin yi. Sun daɗe. Ban ji kuka ba, ban ji salati ba. Da Goggo ta fito ta tsaya a kaina tana dubana tun daga sama har ƙasa.

"Ke ta kir rubuta takarda?"

"Ni ta, Goggo."

"Da karatunki dut?"

Ta sa aka dama min fura. Da Malam Garba ya dawo daga kasuwa ta kira shi bakin ƙofarta, ya tsuguna a waje ya ba ɗakin gefe, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ina kallon bayansa, ko motsi bai yi ba. Da ta gama ya tashi ya ɗauki fartanya ya fita, da rigar kasuwa a jikinsa, a cikin wannan rana.

"Goggo, za shi cire ta?"

"Ban sani ba. Ƙanena na, amma cikinai ba nawa na ba. Hwaɗa min ranad da a ka biɗammu, ki kama hanya tun la'asar ba ta yi ba. Yarinya kuwa nan za ta zamna wurina."

Haka na dawo ni kaɗai, da takardar a jaka, ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba. Sati biyu aka sa wa zaman kwamiti, kuma sati biyun nan ban ji daɗinsu ba. Labarin kasuwa ya riga ni isa Wurno, don dillalan albasa ba su da abin hira da ya fi wannan. Yaya ya aiko min cewa tunda na zama mai dambe a kasuwa, ba sai na wahalar da kaina zuwa sunan jikansa ba. Wannan ya yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka a kicin kuna makaranta. A wurin aiki ma abokan malamin nan suka daina amsa gaisuwata, wasu suka fara cewa ni nake kitsa wa yara ƙarya don ofishina ya samu abin yi. Shi malamin kuwa yana yawonsa hankali kwance, don an riga an gaya masa cewa uban yarinya baƙauye ne, ba zai zo ba.

Ranar zaman, ƙarfe goma aka ce. Goma saura kaɗan ina tsaye a baranda ina jan carbi, sai na hango su sun shigo ta ƙofar ginin. Goggo Tumba a gaba da sandarta, Rukayya a tsakiya, Malam Garba can baya da babbar rigarsa ta Juma'a, ya bar tazara kamar ba tare suke ba.

Mutum bakwai ne a kwamitin. Cikinsu akwai wani farfesa, aminin malamin, ɗan ƙasar nan ne haihuwa da tashi, ya san al'adarmu sarai. Kafin a fara ya ce yana da gyara. Ya ce doka ta ce mahaifi, kuma shi bai san ko wannan bawan Allah mahaifi ne ko a tasha aka ɗauko shi ba. Don haka dole Malam Garba ya tashi ya faɗi cikakken sunan 'yarsa da bakinsa, a rubuta. Goggo ta ce ita za ta faɗa, ya ce ba ita doka ta ambata ba. Na ce ga katin shaida, ya ce kati ba ya magana. Ya san abin da yake yi. Ya lissafa cewa mutumin nan zai gwammace ya fita da ya yi abin da ubansa da kakansa ba su taɓa yi ba, a gaban yayarsa, a gaban baƙi, a gaban ita kanta yarinyar. Malam Garba na kallon ƙasa, gumi na bin gefen hularsa. Farfesa ya fara tattara takardunsa, yana cewa to tunda haka ne sai a rufe.

Sai Malam Garba ya miƙe. Bai dubi farfesa ba, bango ya duba.

"Sunanta Rukayya. Rukayya Garba. Ni niy yanka mata rago, ni niz zaɓi sunan, na uwata na. Shekara ashirin da ukku ban hwaɗe shi ba, ba don ban san shi ba."

Sannan ya juya, ya dubi 'yarsa ido da ido.

"Rukayya, ɗiyata, hwaɗa musu abin da kih hwaɗa ma Tumba. Ina nan, ba ni zuwa ko'ina."

Goggo Tumba ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kam ban rufe ba, na bar hawayena suka zuba a kan kundin dokoki. Rukayya ta tashi ta yi magana kusan awa guda, muryarta ba ta karye ba, ubanta na tsaye a bayanta har ta gama, an ba shi kujera ya ƙi. Aka karanta saƙonnin waya, likita ta ba da shaida. Kafin sati ya zagayo wasu 'yan mata uku suka ƙwanƙwasa ƙofar ofishina da ƙafarsu, duk a kan mutum ɗaya. Aka kore shi daga aiki, aka miƙa maganarsa kotu. Farfesa kuwa daga ranar in ya hango ni sai ya tuna ya yi mantuwa a mota.

Ban bar kundin nan ya huta ba. Na yi ta sintiri ofis-ofis har sai da aka soke dokar takarda. Tun daga lokacin, duk yarinyar da ta shigo, tambayar farko ita ce wa take so a faɗa wa, in ma tana so. Wata ta ce goggo, wata ta ce kaka, wata yayarta, wata ta ce ba kowa, kuma a bar ta a haka. In za a faɗa, da baki ake faɗa, a ɗaki, tana wurin. Na yi shekara tara a kujerar nan, na bi hanyar Rabah da ta Goronyo har direbobi suka san motata, ban sake aika ambulan gidan kowa ba. Yaya kuwa sai da ya shekara biyu yana amsa gaisuwata a daƙile. Ran nan ya aiko in zo Wurno. Ya bari zaure ya watse kamar wancan karon, ya daɗe yana juya carbi.

"Akwai wata yarinya nan bayanmu, an cuce ta. Uwatta ta zo min, ban san mi za ni ce mata ba. Ki ji ta." Ya ajiye carbin. "Amma don Allah kak ki rubuta takarda."

Wannan ita ce ban-haƙurin Yaya, kuma na karɓa hannu biyu.

Rukayya ta gama a shekarar, tare da 'yan ajinta. Ranar yaye su, Malam Garba ya zo da ƙannenta biyu, waɗanda yau ɗaya nas ce ɗaya tana koyarwa. Da aka kira sunanta a lasifika ina kusa da shi, sai na ga ya duƙa yana gyara takalmi. Da taro ya tashi ya matso ya gaishe ni.

"Hajiya, waccan ta ƙare ke nan?"

Na ce waccan ta ƙare, Malam Garba. Har yau, in ji Rukayya, bai sake faɗin sunan ba.

Da na zo rubuta wannan babi na kira ta a waya, don na koyi darasina, ba na sake rubuta komai a kanta ban tambaya ba. Yanzu babbar ma'aikaciya ce, da 'ya'yanta uku. Na karanta mata duka, ta yi dariya wurin buhunan albasa, ta ce uku na tsallake ba biyu ba, haka mutanen Boyekai ke ba da labari. Na ce mata zan sauya suna in sa wani, don rufin asiri.

"A'a, Mama, bar shi yadda shi ke. Sau guda Baba yah hwaɗe shi, kuma gaban mutane yah hwaɗe shi. Ba ni ɓoye shi."